Farar Riga a Layin Magani

"Ba zan tashi ba, Mama," in ji wata ɗalibar likitanci, idonta a kan takalmanta. Tsohuwar da ke gefenta a bencin jiran magani ce ta ce mata ta tashi ta tsawata wa masu tsallake layi, tunda farar riga ce a jikinta.

"Ke da za a ji maganarki?"

"Ɗaliba ce ni. In idanu suka yi mini yawa, muryata ɗaukewa take yi."

"Ai kunya ce, 'yar nan, tarbiyya ce. Autata ma ko baƙo aka yi sai ta shige bayan ƙofa. Kullum yabonta nake yi."

"Ni ma haka aka yi ta yabona a gida. Ranar da na tsaya bayanin mara lafiya gaban malami da 'yan ajinmu, ko sunansa na kasa faɗa. Suka kwashe da dariya. Maganin wannan kunyar na zo karɓa."

Tsohuwa ta shiga murza bakin mayafinta. "Tawa ta bar makaranta bara. Na ɗauka lalaci ne." Can ta ce, "To ke me ya hana ki bari ki huta?"

Sai a lokacin ɗalibar ta ɗago kai. "Babana ma ya ce in dawo gida, na ƙi. Sau biyu na maimaita aji. Waɗanda suka yi mini dariya, yau 'likita' nake ce musu, kuma gobe a gabansu zan sake tsayawa."