Ajin Daina Shan Taba

A tashar jirgin ƙasa ta garin Olten, tsoho Zbinden na zuƙar sigarinsa sai wata mata ta tare shi da takarda.

"Baba, shiga ajinmu na daina shan taba mana. Mutum ɗaya ya rage, in ban samu ba a rufe ajin, in rasa aiki."

"Wa ke biyan ki?"

"Gwamnati, daga harajin taba."

"Ashe ni ne ubangidanki! Shekara arba'in matata tana min wannan wa'azin kyauta. Ni na binne ta."

"Allah sarki. To, in rubuta sunanka?"

"In na daina, ki ci me?"

Ya nuna mata takardar.

"Rubuta, 'yata. Kullum zan zo, amma ba zan daina ba. Ga ɗalibi, ga albashi."