Awon Jinin da Ya Ceci Fadamarmu

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Hannatu.

Waɗanda suka san ni a nan Bagudo sun san halina, ba na yarda da kowa. In na sayi kifi sai na shinshina shi. In an ba ni canji sai na ɗaga takardar sama na duba. 'Yan zumuntar mata har Kwastan suke ce mini, wai ba abin da ke wucewa ta gabana ban bincika ba. To, yau Kwastan ce ta zo ta faɗa muku yadda aka kusa wucewa da gonar ubanta tana kallo.

Shekara shida ina aiki a shagon maganin Malam Umaru, maƙwabcinmu Musulmi, tsohon ma'aikacin asibiti. Shi ya koya mini awon jini. Har ya ba ni aron tsohuwar na'urarsa, mai famfo da abin sawa a kunne, don in riƙa auna Mama kowace safiya, saboda tana fama da hawan jini. Amma ni burina in zama nas mai takarda. Duk ranar da aka kira ni "yarinyar kemis" sai in wuni raina a ɓace.

Ana nan wata Lahadi sai ga baƙo a majami'ar nan, wai shi Filibus. Wasunku sun tuna shi. Ya zauna a gaba, ya yi waƙa da murya mai daɗi. Bayan sujada ya ce shi nas ne, kuma wakilin wata makarantar koyon jinya da ke ƙetaren iyaka, cikin Binin. Rabin karatun ta waya ake yi a intanet, rabi kuma aikin hannu a asibiti. Shekara ɗaya da rabi an gama. Ba sai na bar Mama ita kaɗai ba!

Washegari na sayi fom.

Kuɗin makarantar da sefa, kuɗin Binin, ya faɗe shi. Duk sanda na tambaya nawa ne a kuɗinmu sai in ji ya ƙaru, ya ce ai naira ce ta sake faɗuwa a wurin 'yan canjin Lolo, can bakin iyaka. Yau kuɗin riga, gobe kuɗin jarrabawa, jibi kuɗin buɗe mini shafin karatu. Ya ce kuma a asusunsa zan tura, wai na makarantar yana da 'yar matsala. Ni da nake shinshina kifi, ban shinshina wannan ba.

Kun san dalili? Mu nan ba mu da yawa. In mutum ya shigo ya kira sunan Yesu ya ce mana 'yan'uwa, mun riga mun shimfiɗa masa tabarma tun kafin mu tambayi garinsu.

Zargin nawa bai mutu ba fa, sai dai ya koma kan wanda bai ci ba bai sha ba. Da na nuna wa Malam Umaru fom ɗin, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Hannatu, wagga makaranta, hukumar aikin jinya ta san da ita? Wane asibiti na za ki yi aikin hannu? Ba su rubuta ba. Ki dakata, kak ki yi gaugawa."

Na ce a raina, ashe! Ba ya so ya rasa mai yi masa aiki da arha. Na ma yi tunanin da ya fi wannan muni, kuma zan faɗe shi a gabanku don in sauke shi: na ce baƙin ciki yake yi Kirista za ta ci gaba. Mutumin da ya ɗauki gawar babana a motarsa! Allah Ya gafarta mini. Tun daga ranar gaisuwata ta koma ta fatar baki.

Kuɗin da Filibus ya yanka ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Abu ɗaya muke da shi, fadamar da Baba ya bari a bakin kogin Kwara, inda muke samun shinkafar da muke ci da albasar da muke sayarwa. Na matsa wa Mama da magiya har ta ce a sayar. Wani manomi daga Geza ya zo ya taka iyakarta, aka yi ciniki a gaban shaidu, ya ce ranar kasuwa zai kawo kuɗi.

Saura kwana uku, sai hankalina ya ƙi kwanciya, na rasa dalili. Na ɗauki azumi, da tsakar rana na shigo nan ba kowa, na durƙusa a wancan bencin. Na ce, "Ubangiji, kullum da wayona nake taƙama, yau ga shi ban san wa zan yarda da shi ba. In wannan hanya daga gare Ka take, Ka kwantar mini da hankali. In kuwa ba daga gare Ka ba ce, Ka nuna mini yadda ko ni mai taurin kai zan gane." Ban ji wata murya ba. Na share hawayena na koma shago.

Washegari da hantsi Filibus ya zo gidanmu karɓar hotunan fasfo, ya shiga ya gaida Mama.

Kun san tsofaffinmu. Da sun ji an ce ga ma'aikacin asibiti, ko a wurin biki ne sai sun miƙa hannu a duba su. Mama ta ce, "Ashe kai nas na? To ɗana, taho ka auna ni. Hannatu, ɗauko abin awon ga."

Ni kuwa na riga na auna ta da sassafe, jinin ya hau sosai, har ina shirin kai ta a canza mata magani.

Filibus ya yi dariya, ya ce su a can na lantarki suke amfani da shi. Amma Mama ta riga ta naɗe hannun riga, ba hanyar zillewa. Ya ɗaura mata abin, ya yi ta famfo har ta yamutsa fuska. Sannan ya sa abin sauraro a kunne, ya ɗora bakin abin a kan ƙirjinta. A ƙirji, jama'a! Ya ɗan rufe ido kamar mai nazari, ya ce, "Lafiya lau, Mama. Ɗari da ashirin bisa tamanin."

Mama ta dube shi, ta ce, "Ikon Allah. Ita Hannatu ga gwiwar hannu taka aza shi. Ko ku can Binin ga ƙirji kuka saurare?"

Wannan abu a makon farko Malam Umaru ya koya mini shi, ni da ake kira yarinyar kemis. Ga wanda zai kai ni in zama nas, bai san inda ake jin bugun jini ba. Haleluya! Ubangiji bai aiko mini da tsawa ba, da hannun tsohuwata Ya amsa mini.

Nan take bakina ya buɗe. Wane asibiti za mu yi aikin hannu? Ina shaidar rajistar makarantar? Me ya sa a asusunka ake biya? Sai wayarsa ta yi ƙara, ko kuma shi ya ce ta yi, ya fita amsawa. Har yau bai gama amsa wayar ba. Kuɗin fom da kuɗin riga sun tafi, na bar shi da Allah.

Na je na durƙusa a gaban Malam Umaru na faɗa masa duk abin da na ƙulla a raina. Ya ce, "Tashi, ɗiyata, ya wuce." Shi ya taya ni neman makarantar da nake yi yanzu. Ita ma wasu darussan ta waya ne, amma na je da ƙafata na ga azuzuwa, na ga asibitin, na tabbatar da rajistarta. Da naira ake biya, a asusun makaranta, a ba ka rasit. Ba arha ba ce, kuma za ta ɗauki shekaru, amma zango-zango ake biya, albasa da albashina suna ɗauka.

Saura mutumin Geza. Kun san nauyin janye magana bayan an yi ciniki gaban shaidu. Mama ta ce ita ta ba da baki, ita za ta je. Ta hau babur da ciwonta, ta ba shi haƙuri, ta shanye maganganun da ya faɗa.

Da ta dawo ina cire mata takalmi, sai ta ce, "Da an saida, da ba ni taɓa hwaɗa miki. Amma ni in kewar babanki ta kama ni, can nika tahiya in zamna."

'Yan'uwa, na yi kuka. Shekara da shekaru ina ganin tana tafiya fadama ko ba lokacin aiki ba, ban taɓa tambaya ba. Wurin nan na so in sayar, kuma da ta bar ni.

Na gode wa Ubangiji da Ya tare ni saura kwana biyu. Duk mai wata shawara da ta hana shi sukuni, kada ya dogara ga wayonsa kamar ni. Ya kai ta gaban Yesu, ya kuma saurari mai faɗa masa gaskiya ko daga ina ta fito. Shi mai aminci ne, ba Ya barin nasa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!