Motar Badaru

A shagon kayan mota na Sylvanus da ke Daura, wani dattijo daga Sandamu ya zaro turbo, wani ɓangaren injin mota, daga buhu, ya ɗora a kan kanta.

Sylvanus ya jujjuya ta. "Baba, wannan ta gama aiki. Motar tana hayaƙi?"

"Tana yi, tana kuma shan baƙin mai."

"Doguwar tafiya kake yi da ita?"

"Ni ko tuƙi ban iya ba. Ta ɗana ce, Badaru. Da zai tafi Libiya ya ce in riƙa tayar da ita kada batir ya mutu. Kullum da safe nakan ba ta wuta sosai, in kashe."

"Abin da ya cinye ta ke nan, Baba. Inji da sanyi, mai bai zagaya ba. Shekara nawa?"

"Shida."

"Ko ta hannu ka saya, ta kusa rabin kuɗin motar. Ka sayar da motar kawai. Ɗan naka yana kiran waya?"

"Shekara biyun farko yana kira."

Sylvanus ya ajiye turbon a kan kanta.

Dattijon ya ninke buhun. "Ɗauko mini ta hannun, ɗana. Sai ka koya mini yadda ake tayar da ita a hankali."