Ɗan'auta Maƙeri Bai Kwanta a Makka Ba

Da sunan Allah nake farawa. Malam Abdulmuhaimin limaminmu, dattawan unguwanninmu na nan Makka, Mansur da Tandabawi, Hajiya Mujahida matar marigayi, ɗansa Mish'al, da duk wanda ya tako, Allah Ya ba da ladan zuwa.

An ce ni zan yi magana saboda shagona na jikin nasa. To, me zan ce? Mun taru ta'aziyya, amma ko gawarsa ba mu gani ba.

Ɗan'auta ya kasance maƙerin azurfa mai hannu, rabin zobban alhazan da suka ratsa Mansur shi ya ƙera. Ya kasance mai taurin kai, wannan kowa shaida ne. Akwai tsoffin kuɗin azurfa da Jamusawa ke bugawa idan sarkinsu ya mutu, da sunansa da shekarar rasuwarsa a jiki. In irinsu suka faɗo cikin azurfar narkawa, sai ya ware. Na sha ce masa, "Kai da ba ka da iƙama, takardar zaman ƙasar nan, ina ruwanka da sarakunan Jamus?" Sai ya ce, "Ta'aziyyar mutane ce, Zali. Ba zan sa ta a wuta ba."

Ya kasance mai buri ɗaya tak: a binne shi a Makka. Don shi ya zauna ba takarda tun yana saurayi har ya yi furfura.

Kun san gabanin Hajji marar takarda ba ya fita. Sai ya ji wani maƙeri a Tandabawi zai narka guda cikin kuɗin Jamusawan nan, ya tashi zai je ya hana. Na riƙe masa riga wallahi. Ya ce yanzu zai dawo. A hanya aka kama shi, aka mayar da shi Kano. Mun bi duk ƙofar da muka sani, ba wadda ta buɗe. Bai yi wata a can ba ya cika, baƙi suka yi masa sutura.

Hajiya, ba mu da kabarin da za mu nuna miki. In kika tafi Kano ganinsa, ba za ki dawo ba, tunda ke ma ba ki da takarda. Mish'al, ya waladi, ɗana, kana ta tambayata da Larabci me za mu yi. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Mun gode muku duka. Ya Allah, Ka san inda bawanKa ya so kwanciya, mu mun kasa kai shi. Ka gafarta masa, Ka tashe shi cikin mutanen Makka. Amin.