Eriyar da Aka Yi da Tsohuwar Laimata

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ina gaishe ka da aiki daga nan Babban Mutum.

Shekara da shekaru a ƙofar shagona ake taruwa sauraron wannan shiri, domin rediyona ce ta fi ta kowa kama tasha a unguwarmu. To, kwanakin baya na yar da wata tsohuwar laima. Maƙwabcina Sale tela ya tsince ta, ya zare ƙarafunan, ya auna da tef ɗinsa, ya yanka guda uku, ya jera su a jikin gora, ya ja waya zuwa 'yar rediyonsa. Wai eriya! Ba ta da nauyi, har gona yake tafiya da ita. Da ya juya ta wajen Daura, sai muryarka ta fito tar, kamar kana zaune a bencinsa. Yanzu majalisa kaf ta koma can, har mai shayi ya ja teburinsa.

Don haushi na sayi sabuwar laima, na ɓarke ta, na haɗa tawa. Ba abin da take kamawa sai tashoshin Nijar. Daga baya na lura ƙarafunan Sale ba tsayinsu ɗaya ba. Inci nawa ake ba kowanne? Wallahi ba zan tambaye shi ba.

Masana su taimaka mini. Amma don Allah ka sakaya sunana, domin amsar ma a ƙofar Sale zan saurare ta.