Durom Ɗaya da Ya Rage

Aikin farko yau: na leƙa durom ɗin gidan marigayi. Suna motsi, amma sun ragu.

Shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi, dattawa, Yaya maiɗakinsa, 'ya'yanmu, jama'a, assalamu alaikum. An zaɓe ni don na fi kowa daɗewa a ƙarƙashinsa, ba don na iya magana ba. Abin da na rubuta zan karanta.

Ya kasance mutumin da muka yi wa dariya. Shekarar da gansakuka ta rufe tafkunanmu, kifi yana tasowa ciki sama, sai ga shi da kwalba cike da 'yan mitsi-mitsin halittu masu tsalle kamar ƙuma. Ya ce su za su cinye koren. Maigadi ya ce, "Maigida, magani muke nema, ka kawo mana ƙarin baki?" Ranar ya zama Baban Ƙuma. Ruwa ya washe, suna ya zauna.

Ya kasance ba ya kwana a wani gari. Kifi na cinye ƙumar, dole kullum a ƙaro daga irin da yake kiwo a gida, durom huɗu. Ruwan famfo na kashe su sai in ya kwana. Na sha ce masa, "Maigida, ni fa bana zan koma shagon ƙanena." Sai ya ce, "To, miƙo rariya tukuna."

Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ranar rasuwa 'yan'uwa suka ga koren ruwa a durom, suka zubar da uku, suka wanke da sabulu don masu gaisuwa su sami ruwa. Alheri suka nufa. Na huɗun yana bayan ƙofar kicin, shi ya sa ya tsira. Tafkunanmu kuma sun soma kore. Ina roƙonki a bar shi inda yake, a bar ni ina shigowa safe da yamma. Ban san ko hannuna zai karɓe su ba, amma babu wani hannun. Ƙanena, na hango ka can baya: ka nemi wani ya riƙe maka shagon.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya gafarta masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya raya abin da ya bari. Amin.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
tara ruwa ya kwana
ɗauraye durom ukun har ƙanshin sabulu ya fita
raba irin gida biyu, in sun kai
rubuta "KADA A ZUBAR" da jan fenti
jibi ma haka.