Ƙararrawar Jakin Kakana a Babur Mai Caji

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sale mai kifi daga Garwa.

Shekara tara ina tallan kifin Binuwai a wani babur mai ƙarar tsiya. Matan unguwa da sun ji shi sai su fito da kwanukansu. Da wahalar neman fetur ta ishe ni, na sayi mai caji. Ranar farko na zaga unguwa uku, ko mace ɗaya ba ta leƙo ba, don abin ko tari ba ya yi! Rana ta take, kifi ya fara wari.

Na koma gida ina huci. Innata ta buɗe adaka, ta ɗauko ƙararrawar jakin da kakana ya shigo garin nan fatauci da shi zamanin mulkin Jamus. Ta ce, "Ɗaura masa, ai wancan ma bai taɓa shan fetur ba."

Yanzu tun daga nesa ake tare ni, kifina kuma ya daina warin hayaƙi. Masu sauraro, ku ba ni shawara: batirin zai jure ruwan damina? Ina gaida Inna, babbar injiniyata.